Yadda Za Ki Ɓoye wa Dangin Mijinki Tempen Uwarki

Ke 'yar mai tempe da Allah ya ɗaga, kika auri ɗan manya a birni, matso nan ki zauna. Na san abin da ke hana ki miƙe ƙafa a falon surukarki, kuma da maganinsa na zo. Ki bi matakan nan yadda na jera su, ni na tsaya miki, babu mahalukin da zai taɓa sanin cewa da tempe, curin waken suyan nan da ake soyawa, aka goya ki, da shi aka yaye ki, da shi kika yi karatun da har ɗan mutane ya gan ki ya ce yana so.

Ba ji na yi ba, gani na yi. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Mbok Darsih ("Mbok" muke ce wa uwa a nan) a ƙauyenmu da ke bayan garin Purwokerto, kuma 'yarta tilo, Lasmini, ita ta bi hanyar nan daga farko har ƙarshe. Abin da ban gani da idona ba, ita ta zauna a madafina ta zayyana mini, tana yi tana face hanci. Ta ci nasara kuwa. Har yau da nake miki maganar nan dangin mijinta ba su gane ba.

Mataki na ɗaya: Ki samo dalili, ko da bai taka kara ya karya ba

Ba a fara ƙarya haka siddan, sai an sami abin jingina ta. Don haka ranar da aka fara kai ki gaida uwar saurayi, ki baza kunne.

Ranar da saurayinta Danang ya kai Lasmini gidansu a birnin Semarang, sun tarar da mahaifiyarsa, Bu Hartini ("Bu" girmamawa ce ga babbar mace), tana waya da mai gyaran famfo da ya ce ruwan sama ya hana shi zuwa. Ta ajiye wayar ta yi tsaki. "Mutanen yanzu zuciyar tempe gare su, ɗan yayyafi sai su ruguje."

Iyakar maganar ke nan. Kowa a ƙasar nan yana faɗar ta, har masu tempen da kansu, kuma matar ko minti ba a yi ba ta manta ta faɗa. Ke kada ki manta. Ki cafe ta, ki ninke, ki adana a ƙirji, ita ce jarinki.

Bu Hartini ta juyo da fara'a, ta tura mata kofin shayi, tana kiran ta "Nduk", wato 'yata. "Sha, Nduk, ki saki jikinki, nan gida ne. Mahaifiyarki wace sana'a take yi?"

"Dillancin hatsi, Bu."

Danang ya ƙware da shayi. Shi ne fa wanda ya sha zuwa ƙauye ya baje a kan benci, ya share farantin tempen Mbok Darsih har yana lashe yatsu yana neman ƙari. Lasmini ta taka masa ƙafa, ya ɗaga kai ya kama kallon fanka. Namijin da ya iya kallon fanka a irin wannan lokaci ki riƙe shi da kyau, ba kullum ake samun irinsa ba.

Mataki na biyu: Ki san inda asiri ke yoyo

Na farko wari. Tsamin waken da ya kwana a ruwa yana kama gashi da zani. Ki dage da turare, wannan mai sauƙi ne.

Na biyu ƙafar uwarki. Tun kafin a haifi Lasmini, Mbok Darsih take dafa wake, ta juye a kwando, ta kai rafin bayan gida, ta shiga ciki da ƙafa tana tattakewa har ɓawon ya saki ya bi ruwa. Ƙafafun nan sun yi fari fat, sun yamutse, tsakanin yatsun ya tsattsage, wanda ya kalle su sau ɗaya ya gama sanin sana'arta. Lasmini tana ƙarama ita ke shafa musu man kwakwa da yamma, tana hura tsagar da baki tana tambayar ko da zafi. Ki manta da irin wannan, tuna shi yana ɓata aiki.

Sai ganyen iri da ke rataye a saman murhu. Sauran masu tempe na ƙauyen tuni suka koma garin iri na leda da ake sayarwa a kanti, ita kaɗai ta kafe a kan na gado. Uwarta ce ta ba ta, ita ma a hannun tata uwar ta karɓa. Duk sa'ad da ta naɗe wake a ganyen ayaba, sai ta ware 'yan ƙwayoyi ta danne tsakanin ganyen bishiyar waru, farin gashin nan da ke ɗinke wake ya zama curi ya kama ganyen, ta shanya, da shi za a tayar da na gaba. Abu ne mai rai, sai ana sabunta shi, in aka bar shi 'yan watanni ya mutu. Shi ke ba tempenta wani ƙamshi kamar na sabuwar gyaɗa, wanda duk shekarun da na yi ina karya kumallo da shi ban taɓa ji a wani wuri ba. Amma me ya dame ki da ganye? Ba ya tafiya, ba ya magana. Ki dai hana baƙi leƙa madafi.

Mataki na uku: Ki gyara uwar taki kafin biki

Kada a yi taro a gida. Ki ce tsakar gidan ya yi kaɗan, a kama ɗakin taro a cikin gari. Ki saya wa uwarki safa mai kauri da rufaffen takalmi, ko da zai matse ta. Sannan ki canza sunan da kike kiran ta. "Mbok" na 'yan ƙauye ne, a bakin 'yar dillaliya "Mama" ke dacewa.

Ranar da Lasmini ta fara gwadawa, tsohuwar na tsugunne tana yanka barkono.

"Mama."

Tsohuwar ta ci gaba da yankanta.

"Mama, da ke nake."

Mbok Darsih ta waiga ta ga ko wata ce ta shigo. "Wace ce kuma Mama?"

"Ke mana. Haka zan riƙa kiran ki daga yau. In kuma sun tambaye ki, dillancin hatsi kike yi."

"Ni da ko sikeli ban iya karantawa ba?" Ta fara dariya, da ta dubi fuskar 'yarta sai dariyar ta tsaya a hanya. Ta mayar da ido kan barkononta. "To, Nduk. In hakan zai zaunar da ke lafiya."

Aka yi biki na kece raini. Mbok Darsih ta wuni a tsaye cikin takalmin nan tana wa baƙi murmushi. Da muka dawo gida sai da na taya ta cire shi, safar ta manne da jini, muka jiƙa da ruwan ɗumi kafin ta saki. Kada wannan ya tayar miki da hankali, ba ya fitowa a hoto.

Mataki na huɗu: Ki kashe maganar gwangwani

Uwa ba ta da hankali a kan abu ɗaya, gani take in ba ita ta ciyar da ke ba da yunwa kike kwana. Ana gama biki gwangwanin biskit ya fara sauka a tashar Semarang a hannun direban bas, an ɗaure shi tam da igiyar roba. Ke ma kin san ba biskit a ciki. Tempe ne an yanka siri-siri kamar tsinken ashana, an soya har ya yi ƙarau, an juya shi a narkakken sukarin kwakwa da jan barkono da tafarnuwa da tsamiya, an watsa gyaɗa da ganyen lemun tsami. Kina taunawa zaƙi zai fara gaishe ki, kafin ki amsa yaji ya mare ki, hanci ya soma zuba, hannu kuma ya ƙi fita daga gwangwanin.

Lasmini ta yi ta cin nata a saman bene wajen shanya, a tsugunne bayan zannuwan gado. Kuskure ne, kada ki yi koyi da ita. Wata rana Bu Hartini ta hau duba tukwanen furanninta ta hango gwangwanin.

"A'a, biskit kike ci ke kaɗai? Ɗan ba ni ɗaya in taɓa da shayi."

"Tururuwa ta shiga, Bu, zubarwa zan yi."

Ta kuwa zubar, a kan idon matar, cikin kwandon shara, ta danna murfi da sauri don kada ƙamshin ya tona ta. Ranar ta kira gida.

"Mama, ki daina aiko da abin nan."

"Yajin ya yi yawa ne? Sai in rage barkonon."

"Ba yaji ba ne. A nan ba a ci."

"Ba a ci? To me suke ci?"

"Mama, don Allah ki daina kawai."

Can sai ta ji an ce, "To." Ki koyi gajarta waya a daidai wannan gaɓa. In kika tsaya sauraron numfashin da ke biyo bayan "to" ɗin nan, kin lalata duk abin da kika gina.

Mataki na biyar: In ciki ya zo, ki zaɓi kwaɗayi mai daraja

Nan ne ake gane gwanaye. Kin san doka: abin da ran mai ciki ya biya aka hana ta, a jikin jariri zai fita. Da dalala zai zo, miyau har ƙirji, duk wanda ya ɗauke shi ya san an cuci uwarsa. Saboda haka dangin miji za su taso miki haiƙan da tambaya, kuma abin haushin, da zuciya ɗaya za su yi.

Bu Hartini ta zauna a bakin gadon Lasmini tana shafa mata baya. "Faɗi abin da ranki ke so, Nduk. Ko a ƙarshen tsibirin nan yake Danang zai je ya nemo. Ni ba na son jika mai dalala, kuma ba na son in gan ki haka."

Abu ɗaya ne a duniya ran yarinyar nan ke so. Tana rufe ido gwangwanin take gani, miyau ya tsinke mata har sai ta haɗiye. Ta haɗiye ɗin, ta ce, "Inabi, Bu. Baƙi, na ƙasar waje, mara ƙwallo."

Haka ake yi. Kwaɗayi ma yana da aji, kada ki zubar da naki. Aka kawo inabi kwali guda, ta ci ta amayar. Ta ce cuku, aka kawo, ta amayar. Ta ce tuffa. Firij ya cika, ita tana ramewa, wuya ya yi tsawo, zobe ya fara zamewa daga yatsa.

Danang ya saci jiki ya sayo mata soyayyen tempe na kasuwa a leda, ya shigo da shi cikin jakar aiki. Ta kai tsinke ɗaya baki ta tofar.

"Ba shi ba ne, Mas," in ji ta, yadda mace ke kiran mijinta a nan.

"Tempe ai tempe ne, Las."

"Kai ma ka san ba haka ba ne."

Ya sani. Ya zauna ya dafe kai. "To ki gaya wa mahaifiyata gaskiya mana. Wallahi ba abin da za ta ce."

"Yanzu? Bayan biki, bayan komai? In ce mata me, tun ranar farko ƙarya nake mata a cikin gidanta?"

Kin ga amfanin fara ƙarya da wuri ke nan. In ta yi girma ba sai kin tsare ta ba, ita za ta tsare ki.

Mataki na shida: Ki yi hattara da ranar awo

Ma'aikatan asibiti ba su san mutunci ba, sai gaskiya. Ungozomar ta ja fatar idon Lasmini ta leƙa, ta dubi ma'auni, ta riƙe ƙugu.

"Wannan cikin da me kike ciyar da shi, da iska?"

"Inabi take ci," in ji Bu Hartini da ta rako ta.

"Inabi ba ya yin jini, Bu, ga shi nata ya yi ƙasa. A ba ta ƙwai, a ba ta ganye, a ba ta tempe. Tempe kam yana gina jiki ba kaɗan ba, yana taimakon jini da ƙashi, kuma farin gashin nan ya riga ya lausasa waken, ba ya wahalar da ciki. Ko soyayyen mai yaji ne, in shi zai zauna mata ta haɗa da shinkafa, a dai sassauta sukari da mai."

"Tempe kawai?" in ji Bu Hartini. "To mene ne a ciki? Mu ma ai da shi muka girma. Nduk, za ki iya ci?"

Tsaya nan, ki natsu. Duk tafiyar babu wuri mai hatsari kamar wannan, don ƙofa ce aka buɗe miki wangam, kalma ɗaya ta ishe ki fita. Masu raunin zuciya a nan suke faɗuwa, su ce "zan iya", su koma cin abincin uwarsu, jini ya dawo, su haihu lafiya, duk wahalar baya ta tashi a banza. Lasmini ba ta ba ni kunya ba.

"Ban saba ba, Bu. A gidanmu ba a ci."

Aka rubuta mata ƙwayoyin ƙarin jini, aka sayi madarar gwangwani ta masu ciki mai hoton wata mata tana dariya. Ta riƙa sha tana toshe hanci.

Mataki na bakwai: Ranar wankan cikin wata bakwai, ki bar uwarki ta ƙarasa miki aikin

Wannan taron ba ya yiwuwa sai da uwarki, dole ta zo ta zuba miki ruwa da hannunta. Ni na raka Mbok Darsih. Danang ya kira ta a ɓoye ya ce yarinyar ba ta cin abinci, ita kuwa ta zaɓi waken ɗaya bayan ɗaya, ta sa ganyen irin da ya fi kowanne fari, ta soya a sabon mai, ta cika gwangwani ta sa a jaka. Tun daga ƙauye har Semarang jakar na kan cinyarta, ta ƙi yarda a sa a bayan mota.

Lasmini ta tare mu a bakin ƙofa. Wallahi da ƙyar na gane ta, ciki a gaba, sauran jiki duk ƙashi. Kafin ta gama gaisuwa hancinta ya gaya mata abin da ke cikin jakar.

"Mama, me kika kawo?"

"An ce ba kya cin abinci."

"Ki bar shi a jaka. Don Allah. Gidan cike yake da mutane."

Aka zaunar da ita a kan kujera a tsakar gida, da zani ɗaure a ƙirji, ga randar ruwa da furanni. Dattawan mata suka tuɓe takalma suka jeru, kowacce ta ɗebi ruwa da ludayin kwakwa ta zuba mata tana addu'a. Da aka zo kan Mbok Darsih ta cire takalmi ta bar safa, ta taka cikin ruwan haka, da jakarta a kafaɗa.

"Bu, safarki za ta jiƙe," in ji wata.

"Sanyin ƙashi ke damuna," ta ce, ba ko gargada. Ta zuba ruwan a hankali daga ka har gadon baya, ta shafa cikin, bakinta na motsi.

Ana gamawa Bu Hartini ta kamo hannayenta biyu, a gaban kowa, idonta ya kawo ruwa.

"Bu Darsih, ki taimake ni. Yarinyar nan tana ƙarewa a hannuna, kunya ta hana ta faɗar abin da take so. Ke kika haife ta. Tana ƙarama me ta fi so? Ko mene ne, wallahi yau za a nemo shi."

Mbok Darsih ba ta dubi mai tambayar ba, 'yarta ta duba, ta jira. Lasmini na zaune ruwa na ɗiga daga gashinta, ƙamshin barkono da sukari na fitowa daga jakar. Ɗaga kai kawai za ta yi. Ta dubi matan unguwa da zobbansu, ta dubi jiƙaƙƙiyar safar uwarta, sai ta sunkuyar da kai ta girgiza shi kaɗan, yadda mutum ɗaya ne kawai zai gani.

"Inabi," in ji Mbok Darsih. "Tun tana rarrafe ba abin da take so kamar inabi."

Matar da ko ɗanɗana shi ba ta taɓa yi ba. Kin ga abin da nake gaya miki, in kika horar da uwa da kyau sai ta fi ki iya aikin.

A hanyarmu ta komawa ta kwance igiyar robar, ta bi fasinjoji kujera kujera tana miƙa musu. Mota ta ɗauki ƙamshi, ana ci ana shan iska da baki ana sa albarka. Wani ɗan kasuwa ya juyo ya ce, "Mbok, a ina ake samun wannan? Sari zan yi."

"An daina yi," in ji ta, ta rufe gwangwanin. Ni a zatona korar sa kawai ta yi.

Mataki na takwas: Ki zauna ki ci ribar aikinki

Washegari na ɗauki farantina na zagaya kamar kullum, Mbok Darsih ta ce babu tempe yau. Gobe ma babu. Babbar tukunyar dafa wake ta ba kwamitin masallaci, kwandunan kaji suka samu wurin kwanci. Ta je kasuwa ta roƙi wani dillalin shinkafa ya ɗauke ta zaman rumfa, da furfurarta ta zauna ta koyi sikeli. Na yi mata faɗa har bakina ya gaji.

"Yaya Darsih, irin nan fa zai mutu."

"Ya sha aiki, ya huta."

Can a birni aka haifi mace, 'yar mitsitsiya, aka sa mata Kinanti. Dalala kuwa sai wanda ya gani, ana canza mata riga kafin a juya ta jiƙe. Likita ya ce haƙori ne, mu dai mun san abin da muka sani. Bu Hartini ta rasa inda za ta sa kanta, tana ta cewa duk inabin nan da aka ci.

Sai da yarinyar ta fara zama sannan Lasmini ta goya ta ta hau bas ita kaɗai. Ta shigo gidan da ta tashi a ciki ta tarar da shi a share fes, ba hayaƙi, ba tsami, ba tulin ganyen ayaba a bakin ƙofa. Uwar ta dawo daga kasuwa da ƙurar shinkafa a zaninta, ta karɓi jika tana juyi da ita.

"Ina tukunyar?" in ji Lasmini.

"Harkar hatsi nake yanzu, Nduk. In sun tambaye ki, ba ƙarya kika yi ba."

Lasmini ta jingina da bango. 

"Mbok, ki yi mini tempe."

 Tsohuwar ta taka kujera ta sauko da ganyen daga saman murhu, ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu. Duk da haka suka gwada. Ni na ba su aron tukunya. Lasmini da kanta ta naɗe zani ta shiga rafi ta tattake waken, ƙafar da ta saba da tayil tana zamewa. Suka murza ganyen a kai, suka naɗe, suka rufe da buhu, suka jira. Ranar da suka kwance, waken na nan warwatse yadda suka zuba shi, ya yi yauƙi, yana wari, ko silin farin gashi babu. Kaji ma shinshinawa suka yi suka wuce.

 Mbok Darsih ta yafa gyale ta je kanti ta sayo tempe na leda, ta yanka, ta soya, ta zuba a farantin baƙi mai bakin zinariya ta ajiye a gaban 'yarta.

"Ci, Nduk. Na cika barkono, ba za ki ji bambancin sosai ba."

Lasmini ta ci. Hawaye ya sauko har haɓa, ta ce yaji ne. Uwar ta sa bakin gyalenta ta goge wa jaririyar miyau, sannan ta miƙe ƙafafu a kan tabarma ta nuna mata su, sumul, ba tsaga ko ɗaya.

"Kin ga sun warke. Yanzu ko ba safa zan iya zuwa gidanku."

Sanarwar zare hannu

Mai wannan darasi ba ta ɗauki alhakin jinin da ya yi ƙasa ba, ko rigunan jariri da dalala ta cinye, ko karin kumallon maƙwabta da ba su ji ba ba su gani ba. Ba ta sayar da ganyen iri, ba ta kuma san inda ake samun sa ba, kada a zo mata ƙofa da kuka, madafinta ƙarami ne. Wadda ta bi matakan nan ta tsaya a rabi, ta faɗi gaskiya, ta ga ba abin da ya faru sai dariya da ƙarin faranti a tebur, ita ta jiyo, ba ni na ce ta tsaya ba. Wadda kuwa ta bi har ƙarshe, alkawari ɗaya na yi mata tun farko, cewa ba wanda zai taɓa ganewa, na kuwa cika. Yau ko ke kika koma gidan uwarki kika bincika lungu lungu, ba za ki sami shaida ba.